Kogin da Ke Tafiya da Baya

A gidanmu an san ni da ƙarin gishiri. Idan na ce na ga ɓera a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mai girman ɗan akuya, Mama takan ce to ɗan jariri ne ke nan. Idan na ce malamin lissafi ya kusa kashe mu da aiki, Baba ya ce wato yau ya ba ku abin yi. Mutum ɗaya ne a duniya da ba ya rage mini magana, sai dai ya ɗora tasa a kai, shi ne kakana na wajen uwa.

A hannunsa na girma, a wani gari da ke bakin Binuwai, kafin iyayena su ɗauko ni zuwa Landan ina 'yar shekara tara. Masunci ne. Kamar yadda kowane kaka ke yi da jikarsa, ni amaryarsa ce. Da safe in na fito da ido a kumbure sai ya ce an cuce shi da wannan amarya, ba kyau ba girki. Ni kuma in ce tsohon da haƙoransa suka riga shi yin ritaya bai isa ya yi mini gori ba, kuma in bai kawo mini ragon ruwa yau ba, yaji zan yi. Kakata tana gefe tana ɓare gyaɗa, tana cewa Allah ya shirye ku ku biyu. Na taɓa ƙoƙarin bayyana wa wata 'yar ajinmu wannan wasa a cikin bas, wajen Aldwych. Ta zaro ido har na ji tsoron kada ta kira mini hukumar kula da yara. Tun daga ranar na bar wasan a cikin Hausa, inda yake da ma'ana.

Kakata ta rasu ina da shekara goma sha biyar. Bayan 'yan watanni Mama ta yi ta fama da takardu har aka ba Kaka izinin zuwa ziyara. Na yi mako guda ina tara masa baƙar magana. A filin jirgi, da na hango shi cikin hular sanyin da ta fi kansa girma, na ruga na ce masa ya yi latti, samarin Landan sun riga sun yi layi a ƙofarmu tun daga bene har titi. Ya dube ni. Ya ɗora hannu a kaina kamar fasto, ya ce, “Jikata, kin girma. Allah ya yi miki albarka.”

Jikata. Wannan kalma ba ƙarya ba ce, amma bai taɓa kirana da ita ba.

Flat ɗinmu yana can sama, tagar falo tana kallon Old Kent Road. Nan ya kafa kujera. Daga safe har yamma yana kallon jajayen bas suna bin juna. Ƙanena, wanda a nan aka haife shi, yana jin Hausa amma da Turanci yake amsawa, sai su zauna su biyu kamar rediyo biyu da aka kashe. Ran Lahadi muka kai shi cocinmu, wani tsohon ɗakin ajiye kaya da aka yi wa fenti. Mutanen Jos da na Kafanchan suka yi ta durƙusawa suna gaishe shi, ya amsa kowa da lafiya lau, bai ƙara komai ba. Na kai shi shagon wani mutumin Gana mai sayar da busasshen kifi, wanda har yau “kai” yake ce mini kamar ni namiji ce. Kaka ya ɗauki tarwaɗa ɗaya, ya sunsuna, ya ajiye. Na ce masa kifin ya girme shi. Ya ce haka ne.

Na gwada duk abin da na iya. Na ɓoye masa tabarau. Na zuba masa sukari a shayi har cokali ya tsaya da kansa. Ya shanye, ya yi mini godiya. Mama ta ja ni kicin ta ce in ƙyale shi, mutumin da ya yi zaman aure tun kafin a haife ta ba ya tashi daga makoki don wata mai surutu ta ga dama. Na yarda da ita. Amma tikitinsa na komawa kafin Kirsimeti ne, kuma na san idan ya hau jirgi a haka, a haka zai zauna. Ni kuma na zama bazawara ban ko gama sakandare ba. Da dariya na faɗa wa Mama, amma da na shiga ɗaki ban yi dariya ba.

Wata rana ina kallonsa yana kallon titi, sai na lura ba bas yake bi da ido ba. Ruwan sama ne da ke gangarawa a gefen titi zuwa kwata. Nan na tuna wani wuri da aka taɓa kai mu daga makaranta, can gabas, inda kogin Thames ke buɗe baki ya shiga teku. Fadama ce, amma ta ruwan gishiri. A wancan zuwan abin da kawai na koyo shi ne laka tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kuma farin takalmi kuskure ne.

Ran Asabar Mama tana aiki a gidan kula da tsofaffi, Baba yana kan sitiyarin bas. Na naɗe Kaka cikin kwat ɗin Baba, na sa masa takalmin Baba na zuwa coci saboda nasa silifas ne, na ɗauki lemar Mama, muka hau jirgin ƙasa. Gidaje suka yi ta raguwa, sai masana'antu, sai fili. Daga tasha muka taka zuwa wani dogon tudu da aka gina don tare ruwa, muka hau.

Ruwa ne cike, har bakin tudun, launin shayi da madara, faɗinsa ya sa wancan gefen ya zama siririn layi. Ciyayi sun nutse sai kawunansu ke leƙowa. Iska ta cire wa Kaka hula, bai ma bi ta ba, ni na bi. Da na dawo na tarar hancinsa yana motsi.

Ranar ya yi maganar da ta fi duk wadda ya yi tun zuwansa. Ya nuna mini zalɓe tsaye a kan wani ruɓaɓɓen katako, ya ce wannan ɗan garinsu ne, ko a ina ya gan shi ya san shi da wannan zaman na mai jiran bashin da ba za a biya ba. Ya ga wata farar tsuntsuwa ya ce balbela ce, amma ina shanunta? Na ce a nan balbela ba ta kiwo, ta yi boko. Ya ga wasu masu tukku a ka ya ce 'yan'uwan zakaran ƙeƙuwa ne. Can kuma garken dinya ƙanana, baƙaƙe, masu ɗan farin zane a wuya, suna iyo suna gunaguni ƙasa-ƙasa kamar dattawa a bayan coci. Na gaya masa an ce daga can arewacin duniya suke zuwa, inda sanyi ya fi na nan, su a wurinsu nan ne wajen shan ɗumi. Ya girgiza kai yana tausaya musu. Ya tambaye ni ina masuntan garin, ruwa kamar wannan ba kwalekwale ko ɗaya, sai wani jirgin kaya mai girman unguwa. Sannan ya sauka 'yan matakala, ya ɗebi ruwan a tafi ya kai baki, ya tofar. Na ce ya gani ko, ba laifina ba ne, a garin nan har kogi ƙara gishiri yake yi. Bai yi dariya ba. Amma a jirgi, muna dawowa, ya tambaye ni yaushe za mu koma.

Asabar ta gaba muka koma, a daidai lokacin da muka je wancan karon. Shi ya riga ni hawa tudun, da saurin da ban san yana da shi ba. Sai na ga ya tsaya cak.

Babu ruwa. Laka ce shimfiɗe tana ƙyalli har inda ido ya kai, kogin ya koma wani ɗan zare can nesa. Ciyayin da suka nutse duk sun fito, wasu toka-toka, wasu jajaye kamar an yayyafa musu manja, ga ƙananan kwaruruka suna ta lanƙwasa a tsakaninsu, kowanne fanko. Wani ƙaramin jirgin ruwa yana kwance a gefensa kamar jakin da ya gaji.

Ya tambaye ni a hankali wa ya tare kogin. Ya ce ya san yadda ake yi, a rufe madatsa a wata ƙasa, mutanen da ke ƙasan kogin su wayi gari ba ruwa. Amma ko rani ba ya shanye kogi a mako ɗaya.

Na yi masa bayani tsakani da Allah. Na ce ba wanda ya tare shi, teku ce ke ja da baya ta kuma dawo. Na ce sau biyu take yin haka kowace rana, wato a nan damina da rani sau biyu suke zuwa tsakanin safiya da safiya. Na ce wata ne ke jan ruwan daga sama, kuma in ruwan ya tashi dawowa daga teku zai taho, ya haura sama, ya bi ta tsakiyar Landan da baya. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke fita daga bakina, ni kaina ban ga dalilin da zai sa wani ya yarda ba. A duk ƙaryar da na taɓa shirgawa babu wadda ta kai wannan gaskiyar girma.

“Jikata,” ya ce, “ba komai ake wasa da shi ba. Kogi ya mutu kina dariya.”

Na rantse. Ya ce tun kafin a haifi uwata yake kan ruwa, bai taɓa ganin kogin da ya juya ya koma inda ya fito ba. Muka zauna a kan tudun muka ci burodi da shayin da na zuba a filas.

Amma lakar ba ta mutu ba, shi ma ya gani. Tsuntsaye ne a kanta kamar ranar kasuwa. Ƙanana masu gudu kamar an ɗaura musu taya, in suka tashi gaba ɗaya sai su juya a sama, su yi baƙi su yi fari. Akwai wani babba mai ruwan ƙasa, bakinsa dogo a lanƙwashe kamar lauje, yana cusa shi cikin laka har ido, ya zaro tsutsa. Kukansa kan fara a hankali ya hau sama yana rawa, irin kukan da ke sa mutum ya tuna wanda bai yi niyyar tunawa ba. Kaka ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ce tsuntsu ba ya haƙa inda babu komai. Ya nuna mini 'yan ramuka a jikin lakar kwarin da ke ƙasanmu, ya ce in ruwa ya janye da sauri haka ya bar laka da danshi, to gaiwa tana ciki.

Na manta gaiwa sai da ya tuna mini. Kifi ne dogo wanda in tafki ya ƙafe ba ya mutuwa. Yakan nutse cikin laka, ya naɗe kansa da yauƙin jikinsa, ya bar ɗan rami na numfashi, ya kwanta har ruwa ya dawo. Da rani mutanen garinmu kan fita da fartanya su tono ta. Kaka ya ce shi ƙarfin haƙa kawai yake da shi, ido na kakata ne. Ita ke tafiya a gaba da sanda, ta tsaya ta ce nan, kuma in ta ce nan to nan ne. Tun zuwansa wannan ne karo na farko da ya ambace ta.

Ya karɓi lemar Mama daga hannuna ya gangara.

Na san an hana. Akwai allo da hoton mutum yana nutsewa. Amma na ga bayansa ya miƙe, na ga yadda yake taka ciyawa yana gwada ƙasa da tsinin lema, sai na bi shi. Jajayen ciyayin nan gaɓa-gaɓa ne kamar yatsun jariri, suna fashewa a ƙarƙashin ƙafa. Na tsinki ɗaya na tauna, ruwan gishiri ne zalla. Wani tsuntsu mai jan ƙafa ya tashi yana tsala ihu yana kai ƙararmu wa duk fadamar, na ce wannan ko ƙanena ne a wata rayuwa. Kaka ya sauka cikin kwarin, ni na tsaya a baki inda saiwoyi suka riƙe ƙasa.

Ya yi ta tono da hannu. Ya fito da tsutsa mai ƙafafu kamar gefen tabarma. Ya fito da ƙaguwa 'yar mitsitsiya, kore-kore, wadda ta ɗaga hannuwa za ta yi dambe da shi. Ya fito da ɓawon kawa da wasu dodon-koɗi ƙanana kamar ƙwayar gero. Kowane rami ya ce na gaba ne. Hannun kwat ɗin Baba ya koma launin siminti. Rana ta karkata, sanyi ya fara cizon kunnena.

Tsuntsayen na fara lura da su, suna ta matsowa kusa da mu. Sannan na ga harshen ruwa siriri, da 'yar kumfa a bakinsa, yana tahowa cikin kwarin ba ƙara ba gaggawa. Na ce Kaka ya duba. Ya ɗago. Wani farin gashin tsuntsu yana kan ruwan, ya zo ya wuce ta gefen ƙafarsa, ya nufi sama, wajen gari. Kaka ya dubi inda teku take, ya dubi gashin, ya sake duban teku. Ya tsinki ganye ya jefa don ya tabbata. Ganyen ma ya bi gashin.

Ya tsaya kallo bakinsa a buɗe, ni kuma ina ta cewa ya fito. Da ya tashi ɗaga ƙafa, ƙafa ta ƙi. Lakar ta riga ta kai masa gwiwa, ruwan ya rufe ta, yana hawa. Na kwanta a bakin kwarin na kamo hannunsa na ja, ya zame. Na kamo kwala na ja, maɓalli ya tsinke. Na duba tudu, ba kowa, ko mai yawo da kare ɗaya babu. Na fara kuka mai majina, ina lalubar waya da hannun da ya cika da laka, ina kiran sunan Yesu da na Mama a haɗe.

“Amarya,” ya ce, “in gadona kike so ki ci, taru ɗaya gare ni, shi ma ya yage. Bar kukan nan ki miƙo mini lema.”

Na daina kukan kamar an kashe famfo. Na miƙa masa. Ya shimfiɗa lemar a kan laka, ya kwanta rubda ciki a kanta cikin ruwan sanyin nan, ya yi ta murɗa ƙafa a hankali har ɗaya ta fito, sannan ɗayar. Ya rarrafo kamar kada, na kama shi muka mirgina cikin ciyawa. Takalmin Baba na hagu yana can har yau, ina jin ƙaguwa ta yi flat da shi.

Da numfashina ya dawo na ce masa ni dama ban ga abin gada a wurin mijin da ya zo Turai neman gaiwa ya tono tsutsa ba. Ya ce ai laifin amarya ne, wadda ba ta da ido sai baki. Sai ya fara dariya, irin tasa mai tari a ƙarshe, laka tana zuba daga gemunsa. Muka hau tudu, na yafa masa jaket ɗina, muka zauna muna karkarwa muna kallon kwarurukan suna cika ɗaya bayan ɗaya. Jirgin da ke kwance ya motsa, ya miƙe zaune. Dinyoyin suka dawo da gunaguninsu. Can ya ce da kakata tana nan da ta ce shi ma ya kamu da ciwona na ƙarin gishiri. Ya goge ido da bayan hannu, ya ƙara wa fuskarsa laka. Ya ce yanzu wa zai kai wa wannan labari.

A jirgi Turawa suka yi ta karanta wayoyinsu da ƙarfi don kada su gan mu, tsoho da takalmi ɗaya da yarinya kamar an tono ta. Faɗan da Mama ta yi a daren nan sai da maƙwabta na hawa uku suka tuba. Kaka ya sunkuyar da kai kamar yaron kirki, yana taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Ba zan ce ya warke ba. Akwai ranakun da ya koma kujerar taga, in yi magana ya ce haka ne. Amma akwai safiyar da zan fito ya ce wannan gashi nawa ko tsuntsu ba zai yarda ya yi sheƙa a ciki ba, in tafi makaranta ina murmushi kamar wawuya. Mun koma fadamar wasu lokuta, daga kan tudu kawai, bisa dokar Mama. Kafin Kirsimeti ya tafi.

Yanzu likita ya ce doguwar tafiya ta fi ƙarfin ƙirjinsa. Ni kuma ana cewa sai na gama jarrabawa, sai an ga yadda hanya take, sai an ga hali. Waya ce ta rage mana. In ya ɗauka ba ya tambayar karatu, ba ya tambayar sanyi. Cewa yake, amarya, yaya ruwa? A gida gaisuwar damina ce, amsarta ɗaya, ruwa ya yi gyara. Shi kuwa da gaske yake tambaya, so yake ya ji ko ya shigo ko ya fita. In ina ɗaki cikin littattafai sai in duba a waya in gaya masa, amma yana ganewa, ya ce bai ji iska ba.

Shi ya sa wasu Asabar ɗin nake hawa jirgin ni kaɗai. Wancan makon na je, dinyoyin sun riga sun koma ƙasarsu, ciyawar ta fara sabon kore. Na kira shi yana bakin kogi cikin abokansa masu gyaran taru. Ya ce in ɗaga wayar sama. Na ɗaga har hannuna ya gaji, mai bakin laujen nan ya yi kukansa sau ɗaya daga nesa, ban san ko ya kai Binuwai ba. Da na mayar da wayar kunne na ji yana ce wa wani ya yi shiru, matarsa ce ke kira daga bakin teku. Na buɗe baki in ce masa wace matar, ni da na kusa samun mai haƙora, sai layin ya yanke. Na sake kira bai shiga ba. Na ajiye maganar sai wani makon, na zauna a kan tudun har ruwan ya shigo.